Garin Neman Farin Haƙori, Kada A Rasa Haƙorin

Duk wanda ya tarar da tsofaffin matan ƙasar Zamfara ya san cewa a zamanin ƙuruciyarsu jan haƙori ne ado. Budurwa za ta ci goro, ta kawo furen taba ta yi ta gogawa har haƙoranta su rine su yi jawur, sannan a ce kwalliya ta cika. Mai wushirya kuwa, ita an gama mata ado tun daga haihuwa. Daga baya haƙorin Makka ya shigo, ya zama shaidar cewa mutum ya sauke farali. Yau yayi ya sake juyawa. Abin da saurayi da budurwa ke gani a TikTok da Facebook da finafinai shi ne haƙora farare tas, jere reras, kuma irinsu kowa ke son ya gani idan ya dubi madubi.

Babu laifi mutum ya so bakinsa ya yi kyau. Musulunci kansa ya kwaɗaitar da yin aswaki, ya sanya tsabtar baki cikin sunnonin da ake lizimta kullum. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyoyin da ake bi. Haɗin da ke yawo a wayoyin matasa, daga Dosara zuwa Maradun, daga Bakura zuwa Talata Mafara, kusan iri ɗaya ne. A daka gawayi ya yi laushi, a zuba gishiri, wani ya ƙara kanwa ko toka, a matsa lemun tsami a kai har ya yi kumfa, sannan a dangwala da yatsa ko buroshi a dirje haƙora da ƙarfi. Ana kuskure baki sai a ga sun yi haske, sai dai idan iska ta shiga bakin ko aka kurɓi ruwan randa, mutum zai ji wani tsirrr har cikin kansa. Wasu masu gyaran amare sun sa wannan haɗin cikin jerin abubuwan da ake yi wa amarya, tare da dilka da halawa da lalle. A kasuwannin mako kuma ga masu tallar magani da lasifika, riƙe da 'yan kwalabe da ƙullin gari marasa suna, suna rantsuwa cewa cikin kwana uku baki zai koma sabo.

Gaskiyar magana ita ce ɓarnar waɗannan hanyoyi ta fi amfaninsu, kuma ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Mutumin Dosara, wanda likitan haƙori ya yi masa nisa, wanda hawa hanyar Gusau ko ta Sakkwato ma sai da addu'a saboda 'yan bindiga, shi ya fi kowa buƙatar ya riƙe haƙoran da Allah ya ba shi da hannu biyu.

Haƙori hawa uku ne. A waje akwai farin ɓawo, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, amma kaurinsa bai wuce milimita biyu da rabi ba ko a inda ya fi kauri. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai launin rawaya-rawaya, mai ƙananan ƙofofi da ke kaiwa ga hawa na uku, inda jijiya da jini suke. Fata idan ta yanke takan warke, ƙashin hannu idan ya karye yakan haɗe, amma ɓawon haƙori idan ya zaizaye ya tafi ke nan, domin babu rayayyun ƙwayoyin halitta a cikinsa da za su sake gina shi. Matan gida sun san abin da ke faruwa da kwanon samira idan aka matsa masa da wanki da yashi: ranar farko ya yi ƙyalli, a kwana a tashi fentin ya ɓare, baƙin ƙarfe ya bayyana, tsatsa ta biyo baya. Haka haƙori yake. Mai dirzar haƙori da gawayi da tsami yana kankare farin ne da kansa, yana fito da rawayan da ke ciki. Shi ya sa bayan 'yan watanni sai ya ga haƙoransa sun fi da rawaya, sai ya ƙara ƙaimi wajen dirza, ɓarna ta ci gaba.

Masana suna auna tsami da wani ma'auni da ake kira pH, wanda ƙanƙantar lambarsa ke nuna ƙarfin tsamin. Ruwa zalla yana kan 7. Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan tsamin baki ya sauko ƙasa da 5.5. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3, kuma tunda kowane mataki a ma'aunin ninki goma ne, tsaminsa ya ninka abin da haƙori ke iya jurewa sau ɗaruruwa, har yakan kai dubbai. Idan tsamin ya tausasa ɓawon, sannan aka bi shi da gari mai kaushi, an haɗa masa duka biyu a lokaci guda. Kanwa da toka kuma, ban da tsakuwa da yashin da ke cikinsu, suna iya ƙona dasashi.

Gawayi ya samu karɓuwa har a ƙasashen Turai da Amurka, inda kamfanoni ke sayar da baƙin man goge baki da tsada. Amma a shekarar 2017 mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta buga wani nazari da ya bi diddigin rubuce-rubucen bincike 118, ya kuma kammala da cewa babu isasshiyar hujjar da ke tabbatar da amfanin gawayi ga haƙori ko rashin illarsa. Idan haka lamarin yake game da wanda aka tace a masana'anta, ina ga wanda aka tsinto daga murhu aka daka a turmi?

Akwai sinadarin da ke sa haƙori fari da gaske, shi ne haidirojin farokzayid, kuma da shi likitoci ke aiki. Yana ratsa ɓawon ya warware launin da ya shige ciki. Amma saboda ƙarfinsa ne ƙasashen da suka san ciwon kansu suka yi masa iyaka. A Tarayyar Turai, tun daga 2012, abin da aka yarda a sayar wa kowa a kanti bai wuce mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ba. Daga nan zuwa kashi 6 cikin ɗari sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. A Ingila, wata babbar kotu ta yanke hukunci a 2013 cewa fararta haƙori aikin likitanci ne, wanda ba shi da rajista idan ya yi wa wani ya karya doka. Likita kan fara duba bakin ne tukuna, domin idan akwai kogo a haƙori ko dasashi na ciwo, sinadarin zai sauka kan jijiya kai tsaye. Kwalbar da aka saya a kasuwa ko aka yi oda ta waya, babu lambar NAFDAC, babu bayanin abin da ke ciki, babu wanda zai iya cewa ga ƙarfinta, har da mai sayar da ita. 'Yan Nijeriya ba su manta da maganin fitar haƙorin yara na My Pikin ba, wanda ya yi ajalin yara fiye da 80 daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 saboda gubar da ta shiga haɗinsa. Wancan ma a kwalbar kamfani ya zo.

Wani abin da masu talla ba sa faɗa shi ne ba kowane tabo ne ke fita da gugar duniya ba, domin wani a cikin jikin haƙorin yake tun lokacin da yake tsirowa. Garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya ga mafi munin misalin haka. Daga tsakiyar shekarun 1980 mutanen garin suka shafe kimanin shekara goma sha biyar suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ƙima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya, na Tibiri kuwa ya ninka haka sau uku zuwa huɗu. Haƙoran yara suka rine suka yi ja-ja da baƙi-baƙi, ɗaruruwa daga cikinsu kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe. A Nijeriya an san irin wannan tabon haƙori a yankin Langtang na Jihar Filato da Kaltungo ta Jihar Gombe. Darasin da ke ciki ga ƙananan hukumomin Maradun da Bakura da Talata Mafara shi ne a riƙa gwada ruwan kowace rijiyar burtsatse kafin a buɗe ta ga jama'a, gwajin kuwa ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin haƙa rijiyar.

Haka nan kafson tetarasaikilin da wasu iyaye mata ke ɓarewa su jiƙa wa jariri idan yana zawo, da sunan zawon haƙori ne. Wannan magani idan mai ciki ta sha, ko aka ba yaron da bai kai shekara takwas ba, yana shiga haƙoran da ke ginuwa ya rina su launin toka ko ruwan ƙasa har abada. Budurwar da ke fama da irin wannan tabo, ko ta ƙarar da buhun gawayi ba zai gusa ba.

Tabon da ke fita shi ne na sama, wanda goro da shayi da taba ke bari, da kuma daskararren dattin nan mai tauri da ke taruwa a gindin haƙora. Maganinsa wankin haƙori ne a asibiti, da na'urar da ke kankare dattin ba tare da ta cinye ɓawon ba, kamar yadda ake yi a sashen haƙori na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wanda aka yi wa sau ɗaya, ya kuma riƙe goge baki safe da dare, yakan ga haƙoransa sun koma launinsu na asali. Launin asalin kuwa ga mafi yawan mutane fari ne mai ɗan sirkin rawaya. Farin da ake gani a bakin taurarin fim sau da yawa rufi ne aka manna, ko kuma gyaran hoto ne na waya.

Aswaki na da matsayinsa, kuma bincike ya nuna cewa idan aka iya amfani da shi yana cire datti sosai. Na itacen da alhazai ke kawowa ko na darbejiya, a tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙori ɗaya bayan ɗaya daga dasashi zuwa baki, ciki da waje, har turamen can ƙurya. Kuskuren da ake yi shi ne a tsaya kan haƙoran gaba ana zuga su hagu da dama da busasshen icce, har dasashi ya janye wuyan haƙori ya fito. Abin da aswaki bai wadatar da shi ba shi ne fuloraid daidai gwargwado, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Sinadarin da ya yi ɓarna a Tibiri saboda yawansa a ruwan sha, shi ne kuma ke kare haƙori idan aka shafa kaɗan aka tofar. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna. Babba ya goge sau biyu a rana, musamman kafin barci, ya tofar kada ya kuskure da ruwa nan take. Yaro ɗan ƙasa da shekara uku a sa masa gwargwadon ƙwayar shinkafa, wanda ya haura haka gwargwadon ƙwayar wake.

Amma babban abin da ke cin haƙoran mutane yana cikin kofi da kwalba da aljihun yara. A tsaya a teburin mai shayi da safe a ga yadda ake haɗawa: cokali uku ko huɗu na sukari, a tsiyaya madarar gwangwani, a kawo burodi a tsoma. Da hantsi fura da nono, ita ma sai an zuba mata sukari. Da rana zoɓo ko kunun zaƙi mai sanyi a leda, da yamma lemon kwalba. Yaro kuma tun daga hanyar makaranta yana tsotsar alawa da minti, ya dawo ya samu gullisuwa ko tuwon madara ko mazarƙwaila, ya tafi Islamiyya da biskit, ya kwanta barci bakinsa bai ga buroshi ba.

Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin nan su mayar da shi tsami, tsamin ya yi ta narkar da ɓawon haƙori na kusan rabin sa'a ko fiye, kafin yawu ya wanke shi ya fara mayar wa haƙorin ma'adinan da ya rasa. Don haka yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin kansa illa. Wanda ya sha abin zaƙi tare da abinci sau ɗaya ya ba yawunsa damar gyara ɓarnar. Wanda ya wuni yana kurɓa yana tsotsa bai ba haƙoransa hutu ba ko kaɗan. Da dare kuma yawu kan ragu, shi ya sa zaƙin kwanciya barci ya fi kowanne ɓarna. Zoɓo da tsamiya da lemon kwalba sun haɗa abu biyu, ga sukari ga tsami, domin lemo irin na kola tsaminsa ya kusa na lemun tsami. Wanda ya sha su ya kuskure baki da ruwa, ya jira kamar rabin sa'a kafin ya goge. Rake ma, wanda wasu ke ɗauka yana wanke haƙori saboda ana tauna shi, ruwansa sukari ne, kuma ɓare shi da haƙori ya sha jawo wa mutane giɓi, kamar yadda buɗe murfin kwalba da haƙori ke yi.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wato cokalin shayi 12, kuma idan aka tsaya a shida ya fi. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana iya ɗaukar cokali takwas zuwa tara. Rahoton da hukumar ta fitar a 2022 ya ce mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, ruɓewar haƙori ce kuma kan gaba. Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, amma da farashin yau wannan haraji bai kai ya hana kowa sayen kwalba ba, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2016 ita ce harajin ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. Ya kamata a ƙara shi, a kuma ware wani kaso na kuɗin domin kula da lafiyar baki a karkara.

Abin farin ciki shi ne abincin da haƙori ke so yana nan a gida. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta sa yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun na samun kifi da kayan lambu rani da damina. Nono da kindirmo ba tare da sukari ba suna ba haƙori sinadarin kalsiyam, haka ma zogale da miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Gwaiba da tumatir da lemon zaƙi, idan aka ci su da tsokarsu maimakon a matse, suna ƙarfafa dasashi. Uwar da ta ba ɗanta gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko dafaffen ƙwai ya tafi da shi makaranta a madadin alawa ta taimaki cikinsa da bakinsa gaba ɗaya.

Alaƙar abinci da baki ta fi bayyana ne a cutar noma, wadda mutane da yawa ke kira ciwon iska. Tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, musamman masu tamowa ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kayar. Takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, cikin mako biyu kuma tana iya cinye kunci da leɓe da hanci. Idan ba a yi magani ba, tara cikin goma na iya mutuwa, alhali a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, yana karɓar yara daga Zamfara, kuma kyauta ake yin aikin. A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. A jihar da binciken MSF na 2024 ya gano yaro ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa a Shinkafi da Zurmi, buɗe bakin yaro a duba dasashinsa kowane mako aiki ne na ceton rai.

Haka ma ciwon haƙori idan ya taso. Babu wata tsutsa a cikin kogon haƙori, ruɓewa ce ta kai ga jijiya. Ɗiga ruwan batir ko fetur, ko danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, ƙuna kawai yake ƙarawa. Kanumfari na iya rage zafi kafin a isa asibiti, amma ba ya cike kogo. Kumburin fuska da zazzaɓi, ko gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko mai sa ta a leɓe, ba abin jira ba ne.

Aikin da ke gaba na kowa ne. Gwamnatin Jihar Zamfara ta tabbatar da cewa manyan asibitocin Talata Mafara da Maradun da Bakura suna da kujerar haƙori mai aiki da ma'aikacin da zai zauna a kanta, a kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci irin na Dosara su riƙa duba bakin yara ranar awo da rigakafi. Jami'an NAFDAC su shiga kasuwannin mako su kwashe kwalaben da ba su da rajista. Limamai da malaman Islamiyya, idan sun zo babin aswaki, su ƙara da bayanin sukari. Masu gyaran amare su cire lemun tsami da gawayi daga kayan aikinsu. Iyaye kuma, tun daga daren yau, su tabbatar kowane yaro ya goge bakinsa kafin ya kwanta, kuma kada wani abin zaƙi ya sake shiga bakin har gari ya waye.